Ga mai son ajiye hular kwano saboda zafin rana

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce tafiyar awa 4 ce a gabanka a kan babur, rana kuma ta yi ƙuna, shi ne kake so ka ji ko ka ajiye hular kwano da rigar sama ka tafi da 'yar singileti don iska ta riƙa ratsa ka. Don Allah kada ka fara. Na fi shekara 15 ina kan mashin, kuma wannan dabarar ni ma na taɓa yin ta, saura ƙiris ta kai ni inda ba a dawowa.

Zafin fatar mutum bai cika wuce digiri 33 zuwa 35 ba. Muddin iskar waje ba ta kai haka ba, gudu yana sanyaya ka. Da zarar ta haura, ka ce 38 ko 40, lissafi ya juya. Iskar da ke dukan ƙirjinka zafi take ɗura maka, kamar zugazugin maƙeri a kan garwashi, duk murɗa totur ƙarin hurawa ne. Gumi kuma yana bushewa tun ba ka gan shi ba, sai ka ɗauka ba ka zufa, alhali a irin wannan rana mutum kan zubar da lita 1 ko fiye a awa guda.

Ranar da abin ya same ni, da ƙaramar riga na fita, ban ɗauki ruwa ba, wai zan sha a hanya. Wajen ƙarfe biyu kaina ya fara sarawa, na ce gajiya ce. Can ina bin wata tirela sai na ga fitilar birkinta ta kama. Na gan ta sarai, jajur, amma hannuna bai motsa ba, kamar ba nawa ba. Sai da na kusa shigewa ƙarƙashinta na damƙe birki, tayar baya ta yi ƙara, na gangara gefe. Da na sauka ƙafafuna rawa suke yi, harshena ya kafe, tsigar jikina na tashi a tsakiyar rana kamar mai jin sanyi. Wani dattijo da ke zaune a inuwa ne ya ce, "Yaro, zo ka zauna," ya kwara mini ruwa a ka da wuya. Fitsarin da na yi daga baya kamar shayin da ya sha wuta.

To ka ga inda haɗarin yake. Tun kafin zafi ya kayar da jiki yake taɓa hankali, kuma mai shi ne na ƙarshen sani. Ruwan jiki ya ragu da kashi 2 cikin 100 na nauyinka kawai, natsuwa ta fara raguwa, birki ya fara makara.

Saboda haka yanzu rufe jikina nake yi. Riga mai dogon hannu, mai haske, in da hali irin ta masu babur mai huji-huji, da safar hannu da takalmi rufaffe. Idan rana ta yi tsanani sai in jiƙa rigar ciki da ƙyallen wuya in ɗora ta sama; iska kaɗan ke shiga, ruwan ya bushe a hankali, in yi minti 30 ko fiye ina jin sanyi-sanyi. Hular kwano kuwa ba a ma kawo maganar cire ta. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya ta daidai na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai da kashi 69. Ka nemi farar hula, ka buɗe ƙofofin iskarta, ka ɗaure igiyar. Hular da ke rataye a gwiwar hannu, gwiwar kawai take karewa.

Ruwa tun daren jiya ake fara sha, ba sai ƙishirwa ta zo ba. A hanya nakan tsaya duk bayan minti 45 zuwa awa guda, ko ina so ko ba na so, in sha, in duba launin fitsari. Idan gumi ya yi yawa ruwa zalla ba ya isa, shi ya sa wasu ke fama da ɗaurewar jijiya a ƙafa. Lita 1 na ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka haɗa a gora ka tafi da shi. In kana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ka tuntuɓi likitanka kafin doguwar tafiya. In kuma tafiyar za ta jira, ka tashi da sassafe ka isa kafin rana ta take.

Sai mashin. Akwai masu cewa a rage iskar taya lokacin zafi kada ta fashe. Kuskure ne babba. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ta fi lanƙwasuwa, ta fi ɗaukar zafi, ta fi saurin fashewa. Ka auna da safe tana sanyi, daidai yadda kamfani ya rubuta, in ta ƙaru a hanya ka ƙyale ta. Kwalta kan wuce digiri 60 a rana, inda ka ga tana ƙyalli ta narke ne, santsi gare ta, kada ka kwanta a kwana a kanta. Ka duba baƙin mai kafin ka fita, kuma in injinka mai sanyaya da iska ne, cunkoso ya tsayar da kai tsawon lokaci, ka kashe shi.

Idan da wani a bayanka, ka riƙa jan sa da hira. Ka ji ya fara magana ba kai ba gindi, ko ya yi shiru yana langaɓewa, ka tsaya nan take, don zafin jikinsa na iya haura digiri 40. A kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a jiƙa shi ana yi masa fifita, a nufi asibiti. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa ruwa a baki.