Amsa: Me ya sa ta ƙarshe ke fara zaɓe a NFL, ta ɗaya kuma take faɗuwa a NBA?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kai ɗan Firimiya ne, ka ga watan Afrilu ya cika da surutun zaɓen sababbin 'yan wasa na ƙwallon Amurka, wato diraf ɗin NFL, da wasannin fitar da gwani na ƙwallon kwando a NBA, kuma abu biyu sun ɗaure maka kai: yadda ake ba ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi damar ɗaukar yaron da ya fi kowa, da yadda ƙungiyar da ta gama kaka a ta ɗaya take komawa gida hannu rabbana.

Sai ka fara ajiye tunanin Turai a gefe. A Amurka babu faɗawa ajin 'yan dagaji. Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, bana su ne, baɗi ma su ne, don haka masu gasar ba sa son wata ta dawwama a ƙasa har magoya baya su watse. Shi ya sa aka juya jerin: mafi munin sakamako ita ke zaɓe na 1, waɗanda ba su kai wasannin ƙarshe ba su cika 1 zuwa 18, wadda ta sha kashi a Super Bowl, wato wasan ɗaukar kofi, ta 31, zakara ta 32. Zagaye bakwai ne cikin kwana uku: na farko daren Alhamis, na biyu da na uku Juma'a, sauran huɗun Asabar. In aka haɗa da gurabun diyya da ake ba ƙungiyoyin da manyan 'yan wasansu suka tafi, akan zaɓi mutum sama da 250. Sharaɗin yaro shi ne ya yi shekara uku da barin sakandare, kusan dukkansu kuwa daga jami'o'i suke fitowa.

Abin da ya sa gurbin zaɓe ya zama dukiya shi ne kuɗi. Akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, dala miliyan 279.2 a kakar 2025, babu attajirin da zai zo ya zuba kuɗi ya haura ta. Kafin 2011 sabon yaro kan wawuri kaso mai tsoka tun bai taka fili ba: Sam Bradford, na 1 a 2010, ya sa hannu a dala miliyan 78, miliyan 50 daga ciki tabbas ne ko ya yi wasa ko bai yi ba. Da aka sake yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa a 2011, Cam Newton, shi ma na 1, kusan miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Tun daga nan kwantiragin sabon zaɓaɓɓe shekara huɗu ne a farashi ƙayyadadde, 'yan zagayen farko kuma ƙungiya na da damar ƙara musu ta biyar. To ka ga, in ka dace da kwatabak nagari, wato mai jefa ƙwallo da ke jan ragamar hari, ka samu shekara huɗu kana biyansa kuɗin cefane, ragowar ka sayi masu kare shi da masu cafke masa ƙwallo. San Francisco ta ɗauki Brock Purdy a gurbi na 262, na ƙarshe tak a 2022, albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, ya kai su Super Bowl a Fabrairun 2024. Da lokacin biya ya yi a 2025, miliyan 265 na shekara biyar suka sa masa. Garaɓasar ta ƙare ke nan.

Amma fa diraf cinikin biri a sama ne. Yaron da ya haskaka a jami'a ya yi ne a tsakanin waɗanda yawancinsu ba za su taɓa cin abinci da ƙwallo ba. A ƙarshen Fabrairu ana tara su a Indianapolis a gwada gudun yadi 40, da tsalle, da ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102, sai jama'a su haukace a kan sakan. John Ross ya yi gudun cikin sakan 4.22 a 2017, Cincinnati ta ɗauke shi na 9, rauni da sakin ƙwallo suka cinye shi. A shekarar ce kuma Chicago ta ɗauki Mitchell Trubisky na 2 ta bar Patrick Mahomes, kwatabak ɗin da daga baya ya zama tauraro, Kansas City ta taso daga na 27 ta ba Buffalo gurabu uku ta ɗauke shi na 10. Tom Brady kuwa sai na 199 aka kira sunansa a 2000, ya gama da kofi bakwai. Agogo ba ya auna yadda kwatabak ke karanta tsaron abokan hamayya cikin sakan biyu da rabi alhali ƙato mai kilo 130 na tahowa kansa.

Inda ƙungiyoyi suka fi kashe kansu shi ne sayen gurbi da gurabun baɗi. A 2023 Carolina ta ba Chicago gurbi na 9, da na 61, da zaɓenta na zagayen farko na 2024, da na zagaye na biyu na 2025, ta haɗa da DJ Moore, mafi kyawun mai cafke ƙwallonta, duk don ta ɗauki Bryce Young na 1. Ta kawo yaro ta kuma sayar da wanda zai jefa wa. Wasa 2 ta ci, ta sha kashi 15, gurbin da ta bayar ya zama na 1 a 2024, Chicago ta ɗauki Caleb Williams da shi. A ganina, sai dai in kwatabak ne da ka tabbata da shi, ja da baya ka tara gurabu ya fi, domin mai ƙuri'a goma ya fi mai uku damar dacewa. Makin da 'yan jarida ke rabawa washegari, wai wannan ta ci wannan ta faɗi, kada ka ɗauke shi da nauyi. Sai an yi kaka uku ake sanin wanda ya iya zaɓe.

NBA ma na da nata diraf ɗin a watan Yuni, zagaye biyu kawai, amma can ƙuri'a ake yi don hana ƙungiyoyi faɗuwa da gangan. A 2025 uku mafi muni kowace kashi 14 cikin 100 take da shi na samun na 1, amma Dallas ce ta ci da kashi 1.8 ta ɗauki Cooper Flagg.

Yanzu tambayarka ta biyu. A NBA wasa 82 na kaka ba sa ba da kofi, jeri kawai suke tsarawa da wanda zai fi yin wasa a gida. Ƙungiyoyi 30 ne, 15 Gabas 15 Yamma. Shida na sama a kowane ɓangare sun wuce kai tsaye. Ta 7 da ta 8 su kara, wadda ta ci ta samu gurbi na 7. Ta 9 da ta 10 su kara, wadda ta faɗi ta tafi gida. Sannan wadda ta faɗi a wasan farko ta karɓi baƙuncin wadda ta ci na biyu a kan gurbi na 8. Daga nan zagaye huɗu ne, kowanne wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai. Mai matsayi na sama ke karɓar wasa na 1, 2, 5 da 7.

Nan ne ranar wanka, ba a ɓoye cibi. A tsakiyar kaka yau kana Denver gobe kana Phoenix, babu kocin da ke da lokacin zama ya tsara maka tarko na musamman. A fitar da gwani kuwa mako biyu za a yi ana kallon bidiyon ƙungiya ɗaya. Koci ya rage masu shiga daga goma zuwa bakwai ko takwas, taurari su yi minti 40 ko fiye cikin 48, don haka ƙungiyar da ta tara nasarori saboda kyawun benci ta rasa rabin fifikonta. Sannan a fara farauta: a kira wanda mai raunin tsaro ke gadi ya zo ya tare hanya, a tilasta musanyar masu gadi, tauraro ya samu mai raunin gaba da gaba, a maimaita har sai koci ya cire shi. Utah ta gama ta ɗaya a 2021 da Rudy Gobert, gwanin tsare ƙarƙashin kwando. Abokan karawarsu Los Angeles Clippers suka cire dogonsu suka zuba masu jifan maki uku, suka bar Gobert da zaɓi biyu marasa daɗi: ya fito waje ya bar kwando a buɗe, ko ya tsaya ciki a yi ta jifa. A wasa na 6 Terance Mann na Clippers ya ci maki 39, suka farke tazarar maki 25 suka kore su. A shekarar dai Philadelphia, ta ɗaya a Gabas, ta faɗi hannun Atlanta, ɗan wasanta Ben Simmons na cin kusan ɗaya cikin uku na jifan kyauta, har 'yan Atlanta suka riƙa yi masa keta da gangan. Cleveland ta ci wasa 64 a kakar 2024/25, Indiana ta fitar da ita 4-1 a zagaye na biyu.

Sai rauni, wanda babu dabarar da ke maganinsa. A 2025 kaɗai Damian Lillard, Jayson Tatum da Tyrese Haliburton duk jijiyar agara ta tsinke musu, na Haliburton, ɗan wasan Indiana, a zangon farko na wasa na 7 na ƙarshe da Oklahoma City Thunder. Abokin wasansa Pascal Siakam, ɗan Kamaru, ya yi iya yinsa, amma Thunder ta ɗauki kofin.

Kada dai ka zaci caca ce. Wasa bakwai ya fi wasa ɗaya bayyana wanda ya fi, shi ya sa ta 8 ba ta cika kayar da ta 1 ba. Miami ta yi wa Milwaukee haka a 2023, shi ma bayan Giannis, tauraron Milwaukee, ya ji ciwo a baya a wasan farko. Houston ta Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, da ta ɗauki kofin 1995 daga matsayi na 6, har yau ana ba da labarinta ne don ba a saba gani ba. In kana son hasashe, ajiye jimillar nasarori ka duba mutum biyar da koci zai bari a fili a minti biyar na ƙarshe: akwai wanda za a farauta a cikinsu? Akwai wanda ba sai an gade shi a waje ba? Akwai mai iya ƙirƙiro maki shi kaɗai in tsari ya watse?

Batun lokaci kuma, a watannin nan agogon Najeriya da Nijar na gaban na New York da awa biyar. Zagayen farko na diraf na farawa ƙarfe 8 na dare can, wato 1 na daren Alhamis wayewar Juma'a a nan, wasannin Yamma kuma kan fara wajen 3, su kai ka har kiran assalatu. Mai zuwa aiki da safe ya nemi na ƙarshen mako: ranar Asabar ta diraf tana farawa 5 na yamma agogonmu, kuma a zagayen farko na NBA akan sa wasu wasannin Asabar da Lahadi da rana can, su faɗo mana tsakanin 6 na yamma da 8:30 na dare.