Wai meye aikin UNESCO ne tunda ba ma ganin makarantun da ta gina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni malamar firamare ce, kullum a rediyo sai ka ji UNESCO ta ce kaza, UNESCO ta yi gargaɗi kan kaza, amma ni dai tunda na fara koyarwa ban taɓa ganin aji ɗaya ko benci da ta kawo ba, UNICEF kuwa ko a jikin jakar yara muna ganin tambarinta. To ita meye aikinta? Kuma na ji an ce Amurka za ta sake ficewa daga cikinta, in tana da amfani me zai sa a fita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Gaskiya kin lura daidai, kuma ba ke kaɗai ba ce kike wannan tambayar. UNESCO ba 'yar kwangila ba ce, ba kuma asusun rabon tallafi ba ce kamar UNICEF, kuɗin da take kashewa a shekara ma bai kai na wasu manyan jami'o'in Amurka ba, to kin ga ko ta so ta gina wa duniya azuzuwa ba za ta iya ba. Ita hukuma ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya, zaure ne da ƙasashe sama da 190 suke zama su daidaita kan abubuwa huɗu, ilimi da kimiyya da al'adu da sadarwa. An sa hannu kan tsarin mulkinta a Landan ranar 16 ga Nuwamba 1945, watanni kaɗan da ƙare yaƙin duniya na biyu, ta fara aiki a 1946, hedkwatarta na Paris. Waɗanda suka kafa ta sun ga yadda aka yi amfani da makaranta da jarida da rediyo aka cusa wa mutane ƙiyayya kafin a harba harsashi ko ɗaya, shi ya sa a farkon tsarin mulkin suka rubuta cewa tunda a zukatan mutane yaƙi yake farawa, to a nan ya kamata a gina katangar zaman lafiya.

Bari in fara da ɓangarenki na ilimi. Aikinta a nan shi ne tara alƙaluma da kafa mizani. Duk lokacin da kika ji an ce yara miliyan kaza ba sa zuwa makaranta a duniya, yawanci daga cibiyar ƙididdigarta da ke Montreal a Kanada lissafin ya fito, kuma in babu wannan lissafin kowace gwamnati sai ta faɗi abin da ya yi mata daɗi. A taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 ƙasashe suka amince a riƙa ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kasafin gwamnati, ko kashi 4 zuwa 6 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. UNESCO ba ta da ɗan sandan da zai kama ministan da ya ƙi cikawa, wannan gaskiya ne, amma ƙungiyoyin malamai da 'yan jarida sun samu ma'aunin da za su riƙe gwamnati da shi su ce ga abin da kuka amince da bakinku.

Akwai kuma wani abu da ni yake taɓa min zuciya sosai, kuma mutane da yawa ba su sani ba. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita yadda za a riƙa rubuta wasu harsunan Afirka ta Yamma da boko, ciki har da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Zabarmanci, saboda kar a wayi gari harshe ɗaya ana rubuta shi iri biyu don kawai wannan ɓangaren Ingila ta mallake shi wancan kuma Faransa. Tun 1964 kuma ta ɗauki aikin rubuta tarihin Afirka gaba ɗaya, masana 'yan Afirka ne suka fi yawa a kwamitin, aka fitar da mujalladi takwas a zangon farko, a lokacin da wasu manyan malaman Turai ke cewa wai Afirka ba ta da tarihi kafin zuwan Bature. Irin wannan aikin ba ya da tambarin da za a manna a bango, amma yana shiga cikin littafin da kike koyarwa da shi.

A fannin al'adu ne aka fi saninta, kuma labarin daga Masar ya faro. Da za a gina babbar madatsar ruwa ta Aswan, ruwa zai shanye tsofaffin gine-ginen Nubiya, sai Masar da Sudan suka nemi taimako, a 1960 UNESCO ta yi kira ga duniya, ƙasashe kusan 50 suka ba da gudummawa. Tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka wuraren bautar Abu Simbel gunduwa-gunduwa, dutse sama da dubu, aka ɗaga su sama da mita 65 aka sake harhaɗa su kamar ba a taɓa ba, kuma duk wannan ana tsakiyar yaƙin cacar baka ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Daga nan tunanin ya zo cewa akwai wuraren da ba na ƙasa ɗaya ba ne kaɗai, aka yi yarjejeniyar kayan tarihi na duniya a 1972. Amma kar in ɓoye miki, akwai inda ta gaza ƙarara, a 2001 duk roƙon da ta yi bai hana Taliban rusa gumakan Bamiyan a Afganistan ba, haka a 2012 aka rusa hubbaren waliyyai a Timbuktu tana ji tana gani. Abin da ta iya shi ne bayan ƙura ta lafa ta haɗa kai da maginan garin aka sake gina su a 2015, sannan a 2016 kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta yanke wa Ahmad al-Faqi al-Mahdi, ɗaya daga cikin 'yan bindigar da suka jagoranci rusa hubbaren, ɗaurin shekara tara a kan rusawar.

Kimiyya kuwa a taƙaice, a ƙarƙashin inuwarta aka yi tarurrukan da suka haifar da CERN, cibiyar binciken ƙwayar zarra ta Turai, a 1954, kuma ita ta tsaya aka kafa cibiyar binciken kimiyya ta SESAME a Jodan da aka buɗe a 2017, inda masana daga Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Turkiyya da Masar da Pakistan suke aiki da na'ura ɗaya. Tsarin gargaɗin ambaliyar tsunami a tekun Indiya da aka kafa bayan bala'in 2004 shi ma hukumarta ta teku ce ta daidaita shi.

Yanzu maganar Amurka. Ai ba yau aka fara ba. Ta fita a 1984 zamanin Reagan, lokacin Amadou-Mahtar M'Bow ɗan Senegal ne shugaban UNESCO, Ingila ta bi ta a 1985. Rigimar lokacin kan sadarwa ce, ƙasashe masu tasowa suna ƙorafin cewa kamfanonin dillancin labarai ƙalilan na Yamma ne ke ba wa duniya labarinsu, su kuma ƙasashen Yamma suka ce wannan hanya ce ta ba gwamnatoci damar danne 'yan jarida, ga kuma zargin ɓarnar kuɗi a hedkwata. A ganina kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, don an samu masu mulkin kama-karya da suka fake da wannan ƙorafin. Ingila ta dawo a 1997, Amurka a 2003. A 2011 da aka karɓi Falasɗinu a matsayin cikakkiyar mamba sai Amurka ta daina biyan kasonta, wanda a lokacin kashi 22 cikin ɗari ne na kasafin, aka shiga tsuke bakin aljihu sosai, ta fice a ƙarshen 2018, ta dawo a 2023, a Yulin 2025 kuma ta sake sanar da cewa za ta fita a ƙarshen 2026. To kin ga dalilan siyasa ne, a zauren UNESCO kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta kuma babu mai ikon hawa kujerar na-ƙi kamar a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, don haka babbar ƙasa tana iya biyan kuɗi mai yawa kuma a kayar da ita a zaɓe.

Tunda ke malama ce, ki nemi takardar shawarwari kan matsayin malamai da UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar ranar 5 ga Oktoba 1966, saboda ita ake bikin ranar malamai a wannan ranar duk shekara. Ta yi magana kan horar da malami da albashinsa da yawan yara a aji da hutun haihuwa, ki karanta ta ke da abokan aikinki kafin zaman ƙungiyarku na gaba.