Gwal ɗina yana cikin rufin gidan

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Maigidana ya rasu ya bar ni da yara uku, namiji ɗaya da mata biyu, kuma mahaifiyarsa tana raye. Lokacin da gininmu ya tsaya a linta, na sayar da sarƙata ta gwal, na haɗa da kwasar adashe aka yi rufi. Takardar filin da sunansa take. Yanzu ƙannensa sun ce tumuni (kashi ɗaya cikin takwas) kawai zan samu, kuma sayar da gidan za su yi. Ina mafita?
Maman Ummi, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙansa, ya raya marayun nan.

Tumuni gaskiya ne, haka aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta yanka wa matar da mijinta ya bar 'ya'ya. Amma ana cire shi ne daga abin da ya rage bayan hidimar jana'iza, da biyan bashi, da wasiyyar da ba ta wuce sulusi (kashi ɗaya cikin uku) ba. Kuɗin gwal ɗinki maganarsa tana gaba da rabo.

Alƙali zai tambaye ki da wace niyya kika bayar. In rance ne, bashi ne a kan mamaci. In tarayya kuka yi, kina da kaso a ginin. In kuwa kyauta kika yi masa har ya karɓa, ya shiga gado. A nan mata da yawa ke faɗuwa, kuma abin yana yi mini ciwo, domin mace ba ta cewa miji ya sa hannu a takarda. To, ki nemi wanda ya ji maganar a bakinsa, da magini, da mai sayen gwal, da uwar adashe da littafinta. A mazhabar Malikiyya shaida ɗaya adali tare da rantsuwar mai ƙara yana tabbatar da haƙƙin dukiya. Tunda wanda ake bi ya rasu, za a kuma rantsar da ke cewa bai biya ba, ba ki yafe ba.

Su kuma ƙannen, ba su da ko sisi, ɗanki namiji ya katange su. Surukarki ce ke da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida. Kada ki bari takardar filin ta bar hannunki. Ki shigar da ƙara a Kotun Shari'a, ki roƙi a tsayar da cinikin gidan. In hukunci bai gamsar da ke ba, sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumin shari'ar gado. In da ragowar sadaki, shi ma ki faɗa wa alƙali, bashi ne.