Tambaya da Amsa: Zuwa Jamus Kallon Mawaƙan Gotik da Dakwef

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekara uku ke nan ina sauraron waƙoƙin She Past Away da Lebanon Hanover da Clan of Xymox a waya, kuma na yi tanadin ɗan kuɗi domin in je Turai in gan su a kan dandamali ko da sau ɗaya ne. Shin ya fi kyau in bi ƙungiya guda zuwa garin da za ta yi wasa, ko kuwa in jira babban biki? Idan biki ne, wanne ya dace da ni, kuma da me zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gani ya kori ji, amma shawarata ita ce kada ka ɗora tafiya mai tsada irin wannan a kan ƙungiya guda. Mawaƙi yakan kwanta rashin lafiya, a ɗage wasa kwana biyu kafin ranar, kuma abin da za a mayar maka kuɗin tikiti ne kawai, ban da na jirgi da na biza. A biki kuwa, idan ƙungiya ɗaya ta fasa zuwa, akwai gommai da za su hau dandamali.

Sunayen da ka lissafa sun nuna mini inda kunnenka ya karkata, kuma wannan ne ya kamata ya zaɓa maka biki. Kiɗan gotik ya tsiro ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, a hannun ƙungiyoyi irin su Bauhaus da Siouxsie and the Banshees, da jita mai amsa kuwwa da murya mai zurfi. Dakwef ɗan'uwansa ne da ya fi yin ƙarfi a Jamus da Holan, inda na'urar haɗa sauti da na'urar bugun ganga suka karɓi aikin da makaɗa da yawa suke yi. Shi ya sa She Past Away, waɗanda suka fito daga Bursa ta Turkiyya kuma suke waƙa da Turkanci, mutum biyu ne kacal a kan dandamali, haka ma Lebanon Hanover. Irin wannan kiɗa yana son ɗaki mai duhu, da hayaƙin dandamali, da jama'a a matse kusa da mawaƙa. Idan aka ɗora mutum biyu da na'ura a wani makeken fili da rana tsaka, rabin armashin ya tafi.

Saboda haka nake ganin bikin Wave-Gotik-Treffen na birnin Leipzig shi ne naka. An fara shi a 1992, kuma ana yin sa kwana huɗu, daga Juma'a zuwa Litinin, a ƙarshen makon Fentikos na Kirista, wanda ranarsa take canzawa kowace shekara tsakanin watan Mayu da Yuni. Mutum kimanin 20,000 suke halarta, ƙungiyoyi sun haura 150, kuma abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ba a fili ɗaya ake yi ba. An rarraba wasannin a wurare da dama a faɗin birnin, daga babban zauren baje koli na Agra da ke kudancin gari zuwa ƙananan gidajen rawa da majami'u da gidajen wasan kwaikwayo. Idan ka isa za ka miƙa tikitinka a ɗaura maka wani ƙyalle a wuyan hannu, wanda shi ne izinin shigarka ko'ina, kuma da shi za ka hau bas da jirgin cikin gari na Leipzig ba tare da ka sake biya ba a kwanakin bikin.

Sai dai wannan tsarin yana da nasa ciwon kai, kuma gara ka ji tun yanzu. Taura biyu ba ta taunuwa: sau da yawa ƙungiyoyi biyu da kake so za su yi wasa a lokaci guda, ɗaya a kudu ɗaya a arewacin gari. Ƙananan ɗakunan kuma suna cika, kuma da zarar sun cika masu tsaron ƙofa za su tsayar da shiga har sai wasu sun fito, ko da kuwa ƙyallen yana hannunka. Waɗanda suka saba sukan zaɓi zaure guda a kowane dare, su shiga tun ƙungiya biyu kafin wadda suka zo dominta, su zauna a nan. Cikakken jadawalin yakan fito ne gab da bikin, don haka kada ka sayi tikiti da zaton duka ukun da ka ambata za su zo a shekara ɗaya. Duba sunayen da masu shiryawa suke fitarwa kaɗan-kaɗan cikin watanni.

Idan kwana huɗu na zirga-zirga ya yi maka yawa, akwai bikin M'era Luna a garin Hildesheim na Jamus, wanda ake yi tun 2000 a wani filin jirgin sama cikin watan Agusta, kwana biyu, dandamali biyu, jama'a na kwana a tanti. Ya fi sauƙin bi, kuma a can aka fi samun manyan sunaye masu cika fili. Akwai kuma bikin Amphi a birnin Kolon na Jamus cikin watan Yuli, a gaɓar kogin Rhine. Bikin Whitby na Ingila, garin da ya shiga labarin Dracula na Bram Stoker, yana da daɗin gani, amma Birtaniya ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai irin su Jamus da ake shiga da biza ɗaya, don haka bizarta daban ce da kuɗinta daban. 

Game da abin da za ka fara yi kuwa, tikitin biki shi ne mafi sauƙin samu, saboda haka ba shi ne abin gaggawa ba. Da sanyin safiya ake kama fara, kuma farar a nan ita ce ranar ganawa don neman biza. Dokar Shengen ta ba ka damar miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma kada ya gaza kwana 15. Ana yanke hukunci yawanci cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawar kanta kan ɗauki lokaci mai tsawo. Tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar babban mutum yuro 90 ne, ba a mayarwa ko an hana ka. Za a nemi inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin magani na aƙalla yuro 30,000, da fasfo mai shafi biyu da ba a yi amfani da su ba wanda zai ƙara wata uku yana aiki bayan ranar fitarka daga yankin Shengen, da shaidar masauki, da bayanan asusun banki, da abin da zai gamsar da jami'i cewa za ka koma gida, kamar takardar hutu daga wurin aiki. A ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta za ka nema, wato Jamus. Faɗi gaskiyar abin da zai kai ka, ka haɗa tikitin bikin cikin takardunka, domin kallon wasan kiɗa dalili ne halattacce na yawon buɗe ido.

Masauki shi ne na biyu. Otal-otal na Leipzig kan cika watanni kafin bikin, farashi kuma ya hau, don haka ka kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba. Idan ka rasa, birnin Halle yana nan kimanin rabin awa a jirgin ƙasa, sai dai ƙyallen hannunka ba ya biya maka wannan hanyar. Kwana a tanti a filin Agra yana buƙatar ƙarin kati na musamman. Tikitin jirgin sama ka bar shi sai biza ta fito. Daga Berlin jirgin ƙasa mai sauri yana kai ka Leipzig cikin awa ɗaya da 'yan mintuna.

TAMBAYA DAGA WATA 'YAR'UWA: Malam, dole ne sai na sa baƙaƙen kaya da kwalliya irin ta masu zuwa bikin Leipzig kafin a bar ni in shiga? Kuma mahaifiyata ta ga hotuna ta tsorata, tana cewa matsafa ne.

AMSA: 'Yar'uwa, babu mai duba tufafi a ƙofa. Baƙi shi ne launin da ya rinjaya, kuma doguwar riga baƙa da mayafi ba za su zama baƙon abu a wurin ba. Masu manyan riguna irin na zamanin Sarauniya Biktoriya da kike gani a hotuna, yawancinsu a taron shaƙatawa na ranar Juma'a a lambun Clara Zetkin aka ɗauke su, kuma ladabin wurin shi ne a nemi izinin mutum kafin a ɗauki hotonsa. Ki gaya wa Mama cewa wannan salon kiɗa ne da ado, ba addini ba ne. Jigon waƙoƙin shi ne kaɗaici da baƙin ciki da tunanin mutuwa, kuma an san mahalarta da natsuwa. Gaskiya ne ana shan giya, kuma akwai wasu shagulgulan dare na manya da ba lallai su dace da tarbiyyarki ba, amma a zaurukansu daban ake yin su kuma jadawali yana nunawa. Ki tafi da takalmin da zai jure tsayuwar awa shida, da abin toshe kunne saboda ƙarfin sauti, da rigar sanyi don dare. Ki kuma sayi abin buƙatarki tun ranar Asabar, domin yawancin kantunan Jamus a rufe suke ranar Lahadi, kuma Litinin ɗin Fentikos ranar hutu ce a ƙasar baki ɗaya.