Tambayoyinku Kan Tsofaffin Gem: Wanne Zan Saya, Wanne Zan Bari?

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi sun taru sosai kan tsofaffin gem, wasu ma kusan iri ɗaya ne, so na haɗe su na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa. Bismillah.

Tambaya ta farko daga wani magidanci: "Malam ina so yarana su buga Mario da Contra irin wanda muka buga muna yara. Na ga ana sayar da wata ƙaramar na'ura an rubuta gem 620 a ciki, kuma da araha. In saya ko in nemi orijina?"

Yallaɓai kafin ka fitar da kuɗi ka zauna ka rubuta sunan gem biyar da da gaske kake kewarsu, domin su ne za su faɗa maka abin da za ka saya, ba lambar da aka buga a jikin kwali ba. Wannan 620 ɗin in ka kunna za ka ga Mario ɗaya an sa shi sau goma, an canza masa suna ko an fara shi daga wani mataki daban, sauran kuma tarkace ne da yaro ba zai yi minti biyu a kai ba, ga hannun da roba ce marar ƙwari, maɓallin tsalle ke fara mutuwa, sautin ma sau da yawa ba daidai yake fita ba. Araha ba ta ado. In dai na ɗanɗano ne kawai na sati biyu toh ba laifi, amma kar ka ɗauka abin da ka sani ne ka saya.

Orijinar iri biyu ce kuma nan mutane ke ruɗewa. Nintendo sun fitar da Famicom a Japan a 1983, ja da fari, sannan a 1985 suka kai ta Amurka da sunan NES, launin toka. Cikinsu kusan ɗaya ne amma kaset ɗinsu ba ya shiga na juna, na Famicom haƙoransa 60 na NES 72, sai da adafta. Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne maganar wuta. Na'urar Japan an yi cajarta don wuta volt 100, ta Amurka 120, ta Turai 230, kenan ka duba abin da aka rubuta a jikin cajar ka gwada da wutar inda kake kafin ka jona. Kuma don Allah kar ka taɓa sa cajar NES a jikin Famicom ko da bakin ya shiga, ta NES wutar AC take fitarwa ita kuwa Famicom DC take so, nan take za ta ƙone. In ka sayi NES ka ga jar fitila tana ƙiftawa hoto na ɗaukewa, yawanci bakin da kaset ke shiga ne ya saki ko ya yi datti, ana gyarawa ko a canza. Hura iska da baki da muka saba yi ba magani ba ne, danshi kake ƙara wa ƙarfen, ka sami sifirit da audugar goge kunne ka goge haƙoran kaset ɗin ka bari ya bushe.

Amma tunda yara ne za su buga, ni shawarata ka nemi NES Classic ɗin da Nintendo da kansu suka yi a 2016, gem 30 ne a ciki, akwai Super Mario Bros. guda uku, akwai Zelda, kuma da HDMI take aiki. Contra na farko ba ya ciki, Super C ne, wato na biyunsa, ka san da wannan. Sun daina yin ta, don haka jabunta sun cika ko'ina, ka sa mai sayarwa ya kunna maka ka ga menu ɗin da idonka.

Wani matashi ya ce: "Kuɗin guda ɗaya nake da shi. Sega ko Super Nintendo?"

Wannan gardamar ta girmi da yawa daga masu karanta mu, tun farkon shekarun 1990 ake yin ta kuma har yau ba a gama ba. Mega Drive, wato na'urar Sega, ta fito a Japan a 1988, a Amurka sunanta Genesis, ita kuwa Super Nintendo 1990 ta fito a Japan. Ni tambayar da zan maka ita ce, kai kaɗai kake bugawa ko da abokai? In zama ake yi a yi ta ihu ana karɓa-karɓa, Sega ce taka. Streets of Rage 2 na 1992 mutum biyu ne ke tafiya tare suna dukan 'yan daba kuma kiɗansa har yau ban ji wanda ya kama ƙafarsa a wannan zamanin ba, ga Sonic 2 shi ma na 1992, ga Mortal Kombat wanda na Sega ne ake sa lamba jini ya fito, na Nintendo kuwa sun cire jinin suka mayar da shi kamar gumi. Sai dai ka tabbata ka sami hannu mai maɓalli shida, mai ukun yana wahalar da mutum a gem ɗin faɗa sosai.

In kuma kai mai son ka zauna shiru ka nutse cikin gem ne na sati da satittika, Super Nintendo ba ta da abokin gami. Super Mario World, Zelda na 1991, Super Metroid da Donkey Kong Country duk na 1994, Chrono Trigger na 1995. Gaskiya in aka ce in ɗauki ɗaya ni ita zan ɗauka saboda Super Metroid kaɗai, gem ne da ba ya yi maka surutu, ya sake ka a cikin duniyarsa ka ɓata ka nemo hanya da kanka, ƙofar da ka wuce ɗazu ba ka iya buɗewa sai bayan awa biyu ka sami abin buɗe ta ka tuna da ita ka dawo. Amma fa ka sani kaset ɗinta sun fi na Sega tsada a yawancin lokaci, musamman waɗannan da na lissafa.

Abu ɗaya da masu sayarwa ba sa faɗa: na'urar Turai PAL ce, wato tsarin talabijin na can, tana tafiya a 50Hz (hoto na sauyawa sau 50 a daƙiƙa), ta Amurka da Japan 60Hz. Gem da yawa ba a daidaita su ba, so a ta Turai suna tafiya a hankali da kusan kashi 17 cikin 100, ga baƙin layi sama da ƙasa. A Sonic na farko har kiɗan za ka ji ya yi sanyi. Wanda ya taso da ta Turai shi a wurinsa haka ne daidai, amma gara ka san wacce kake saya, kuma kaset ɗin Super Nintendo na wani yanki ba ya aiki a na wani.

Wata baiwar Allah ta rubuto: "Ina son Game Boy saboda Tetris da Pokémon, amma na ga kala-kala har na rasa na zaɓa. Kuma wanda na aro a wurin yayana in na yi sevin na kashe sai komai ya goge."

'Yar'uwa bari in fara da zaɓin. Na farkon, babban nan mai launin toka na 1989, batir huɗu yake ci kuma yana daɗewa da su, yana da ƙwari na ban mamaki, amma sikirin ɗinsa kore-kore ne ba haske a ciki, sai kin zauna inda fitila take. Na ajiyewa ne a yi ta kallo, ba na bugawa kullum ba. Game Boy Color na 1998 ya kawo kala amma shi ma ba haske. Game Boy Advance na 2001 ya fi duka daɗin riƙewa, shi ma dai duhun ne. Wanda zan ce ki nema shi ne Game Boy Advance SP, mai naɗewa, yana da batir na caji kuma yana cin kaset ɗin duka ukun, na farko da Color da Advance. Shi ma iri biyu ne, ki juya bayansa ki karanta: AGS-001 na 2003 haskensa daga gaba yake, kalar tana ɗan dusashewa, AGS-101 na 2005 haskensa daga baya yake kuma bambancin a fili yake ko ga wanda bai san komai ba. Ya fi tsada amma ya cancanta. Aibinsa ɗaya, ba shi da ramin iyafis sai da adafta. Kar ki sayi Game Boy Micro ko DS Lite da niyyar buga Tetris na 1989, a cikin kaset ɗin Game Boy na Advance kawai suke karɓa. Wani abin daɗi kuma, Game Boy ba ruwansa da yanki, kaset ɗin ko'ina yana aiki, sai dai na Japan da Japananci zai yi miki magana.

Maganar gogewar sevin kuwa ba na'urar ba ce ta lalace. A cikin tsofaffin kaset akwai ɗan ƙaramin batir irin na agogo, shi ke riƙe abin da kika ajiye, in ya mutu shi kenan. Pokémon Gold da Silver su suka fi saurin cinye nasu saboda akwai agogo a ciki da ke tafiya ko an kashe, shi ya sa kusan duk wanda za ki samu yanzu batirinsa ya mutu in ba an canza ba. Mai gyaran waya ko rediyo zai iya cire shi ya liƙa sabo da dalma, aikin minti kaɗan ne, kar ki yarda a manna da salatif domin yana motsawa. Ki sani in akwai sevin da ya rage a ciki zai tafi lokacin canjin. A Pokémon Ruby da Sapphire da Emerald na Advance kuwa batirin na agogo ne kawai, ko ya mutu sevin yana nan.

Sai ki kula da jabu, Pokémon na Advance yana cikin kaset ɗin da suka fi yawan jabu. Orijina akwai lambobi da aka danna a jikin takardar gaban, sai kin karkata shi ga haske za ki gani, kuma in kika leƙa ta bakinsa za ki ga an rubuta Nintendo a saman haƙoran da rubutu mai tsabta. In an buɗe aka ga wani baƙin dunƙule kamar kwalta a kan allon, jabu ne. Yana iya kunnawa lafiya lau amma ya ci miki sevin bayan kin yi nisa.

Tambaya gajeriya: "Na sami Duck Hunt da bindigarsa, amma ko na saita agwagwa ba ta faɗuwa. Bindigar ce ta mutu?"

Da wuya. Talabijin ɗinka ne. Bindigar ba harbi take ba, ido ne a cikinta, in ka danna sai hoton ya yi baƙi na ƙiftawar ido a sa farin akwati a inda agwagwar take, idon ya duba ko ya ga fari. Talabijin mai ƙeya yana nuna hoton nan take, na bango kuwa sai ya ɗan sarrafa shi tukuna, kafin ya nuna lokacin ya wuce. Ba saitin da zai gyara wannan, sai ka nemo mai ƙeya. Wannan jinkirin shi ne ma ke sa mutum ya ga kamar ya manta yadda ake tsalle a Mario, ka shiga saitin talabijin ɗin ka kunna Game Mode zai ragu. Masu son hoto mai kyau a na bango suna sayen na'ura irin RetroTINK, ta fi ƙananan adaftocin HDMI masu araha nesa ba kusa ba.

Wani ɗan'uwa ya ce: "Ina da faya-fayan PS1, Tekken 3 da Crash da Winning Eleven, na'urar ta mutu. In sake sayen PS1?"

Ni da PS2 (PlayStation 2) zan saya. Ta fito a 2000 kuma tana cin faifan PS1, kenan da kuɗi ɗaya ka buɗe ƙofa biyu. Sai dai memorin PS2 ba ya ajiye sevin na gem ɗin PS1, dole ka riƙe tsohon memorinka mai gida 15, mutane da yawa sai sun yi nisa a Final Fantasy VII suke gano haka. Kuma yankin na'urar ya dace da na faya-fayanka. Duk wacce za ka saya, PS1 ko PS2, abin da ke fara gajiya shi ne idon da ke karanta faifai, so kar ka yarda da "ai ta kawo wuta", ka tafi da faifanka ka sa a wurin, ka bari bidiyon farko ya yi ta tafiya ka ga ko yana sarƙewa, ka shiga wasa ka yi kamar minti goma sha biyar ta ɗau zafi. PlayStation Classic na 2018 kuwa ban ba ka shawara ba, gem 20 ne kawai, ba ta cin faifai, kuma wasu daga ciki har da Tekken 3 na 50Hz aka sa.

Ta ƙarshe: "Waɗannan ƙananan na hannu irin Miyoo Mini da Anbernic da ke buga komai fa, suna da kyau?"

Suna da kyau, kuma ga wanda bugawa kawai yake so ba tara kaya ba su ne hanya mafi sauƙi, daga NES har PS1 suna ɗauka ba matsala, sikirin ɗinsu ya fi na kowane tsohon Game Boy haske, kuma kana iya yin sevin a duk inda kake so. Kwaikwayon na'urar suke yi da manhaja, so wani lokaci sauti ko saurin yana ɗan bambanta, kuma gem ɗin Nintendo 64 suna ba ƙananan wahala. Memorin da suke zuwa da shi yawanci marar kyau ne, yana mutuwa ba sallama ya tafi da sevin ɗinka, ka sayi mai suna ka kwafe komai tun ranar farko. Sannan dubban gem ɗin da ake lodawa a ciki ba da izinin masu su aka sa ba, wannan gaskiya ce da ya kamata ka sani kafin ka yanke shawara. In kana da kaset ɗinka na asali kuma aljihu da nauyi, Analogue Pocket da ta fito a 2021 tana cin kaset ɗin Game Boy kai tsaye, har na Game Gear ma in ka sayi adaftarsa daban.