Rimot Ɗin Kwafi Ya Buɗe Get Sau Ɗaya Ya Ƙi: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Rimot ɗin get ɗinmu ɗaya ne tal, shi ya sa na sayi irin wanda ake cewa yana kwafar kowane rimot. Na kwafi na gidan yayana ya yi aiki nan take, amma namu sau ɗaya ya buɗe, daga nan ya ƙi. Shin akwai yadda zan gano abin da rimot yake aikawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Rimot ɗin da ka saya bai lalace ba, kuma buɗewar nan ta sau ɗaya ita ce ta tona asirin lamarin. Amma kafin ka nemi sauraren abin da rimot yake faɗa a iska, fara kwance na asalin, domin rabin amsar a rubuce take a jikin fanel ɗinsa. Sau da yawa za ka ga wani ɗan gwangwanin ƙarfe da aka rubuta wa 433 ko 315, wanda shi ne yake tsayar da zangon da rimot ke magana a kai: megahaz 433.92 a Turai da ƙasashe da dama, 315 kuma a Amurka da Japan. Kusa da shi akwai baƙin abin nan mai ƙafafu da masu gyara ke kira aisi, kuma lambar da ke kansa ce abin dubawa.

Idan ka ga PT2262 ko EV1527, ko jerin ƙananan makunnai 8 zuwa 12, to rimot ne mai tsayayyiyar lamba, wato kalma ɗaya yake maimaitawa duk lokacin da aka danna shi. Makunnai 12 masu hawa biyu lambobi 4,096 kawai suke iya bayarwa, shi ya sa a 2015 mai binciken tsaro Samy Kamkar ya sauya wani abin wasan yara na kamfanin Mattel ya riƙa gwada su duka cikin daƙiƙa 10 ko ƙasa da haka. EV1527 yana da lambobi sama da miliyan ɗaya, amma yawan bai hana kwafi ba, tunda wanda ya ji kalmar sau ɗaya ya riga ya mallake ta. Ina kyautata zaton irin wannan ne a gidan yayanka.

Naku kuwa alamu sun nuna mai sauya lamba ne, kuma idan ka ga HCS200 ko HCS301, to tsarin KeeLoq ne, wanda kamfanin Nanoteq na Afirka ta Kudu ya ƙirƙira, Microchip na Amurka ya saya a 1995. Saƙonsa gurabe 66 ne, kowanne sifili ko ɗaya: 28 lambar shaidar rimot, 4 maɓallin da aka danna, 2 bayanin hali irin ƙarewar batir, sauran 32 kuma a kulle suke da mabuɗin sirri mai gurabe 64. A cikin kullen akwai ƙidayar da ke ƙaruwa da kowane danni, kuma na'urar karɓar saƙon da ke jikin get ba ta amincewa da ƙidayar da ta riga ta wuce. Da alama ka yi kwafin ne nesa da get, sai ka kama lambar da bai taɓa ji ba, ya karɓe ta sau ɗaya, ta zama tsohuwa.

Ganin siginar da ido abu ne mai sauƙi. Ƴar na'urar nan RTL-SDR, wadda asali don kallon talabijin a kwamfuta aka ƙera ta, tana kama waɗannan zanguna, manhajar Universal Radio Hacker kuma tana zana abin da ta kama. Yawancin rimot ɗin get kunnawa da kashewa kawai suke yi, kamar mai ƙyafta tocila, inda tsawon ƙyaftawar yake bambanta ɗaya da sifili. Ka danna sau 5 ka jera layukan: idan duka iri ɗaya ne, tsayayyiya ce, idan kuwa wani sashe yana tsaye wani yana hargitsewa, mai sauyawa ce. Gani dai ba warwarewa ba ne. Masu bincike na Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus sun ciro mabuɗin KeeLoq a 2008, amma ta hanyar auna wutar da aisin yake sha da kayan ɗakin gwaji, ba da na'urar aljihu ba.

Wannan gwaji a kan get ɗinka kaɗai ya halatta, kuma toshe sigina laifi ne a dokokin ƙasashe da yawa. Abin da zai biya maka buƙata shi ne ka sayi rimot na kamfanin da ya ƙera injin get ɗinku, ka danna maɓallin koyarwa da ke cikin akwatin na'urar karɓa, sannan ka danna sabon rimot ɗin domin ta yi masa rajista. Shi kuma yayanka ka sanar da shi cewa yadda ka kwafi nasa cikin sauƙi haka wani ma zai iya, kuma ana iya sauya masa na'urar karɓa zuwa mai sauya lamba ba tare da an taɓa injin ba.