Muryar Kawu a gurup: a sake biya wa yaron konkur ko a saya masa babur?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da hayaniyar da ke bayana, ina bakin kasuwa ne, ana sauke albasa. Na saurari muryar da ɗana na Yelwa ya turo daren jiya, yana tambaya wai a nan arewacin Kamaru ɗan talaka yana iya zama wani abu ta hanyar boko, ko wahalar banza ce. Na ji amsoshinku kuma. Wannan ya ce lalaci ne ya yi mana katutu, wancan ya ce ai Ahijo ma, shugaban ƙasarmu na farko, ba ɗan kowa ba ne. To ni na san ba abin da yake tambaya ke nan ba, kunya ce ta hana shi fitowa fili. Ƙanensa ne ya faɗi konkur, jarrabawar gasar nan ta shiga babbar makaranta ko aikin gwamnati, karo na biyu, kuɗin adashi sun fito, shi ne yake ta saƙa da warwara: a sake biya wa yaro, ko a saya masa babur ya shiga kilando, wato acaɓa? Ko ba haka ba ne, ɗana?

Bari in fara da kai Alhaji, mai kawo misalin Ahijo. Gaskiya ne, a nan Garwa aka haife shi a 1924, ya yi aikin gidan waya, ya zo ya riƙe ƙasa daga 1960 har 1982. Amma ka tsallake wani wuri. Ahijon nan ya faɗi jarrabawar gama firamare a karon farko. Ya faɗi! Sai da ya koma ya sake, sannan ya wuce makarantar Yawunde. Ka ga da ba a bar shi ya sake ba, da yau ba mu san sunansa ba. Ni a ganina nan ne bambancin ɗan mai hali da ɗan talaka yake. Ba ƙwaƙwalwa ba ce, wallahi ba ƙwaƙwalwa ba ce. Sau nawa aka yarda ka faɗi? Ɗan mai hali ya faɗi purobatuwa, jarrabawar ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, a ce ba komai, baɗi. Ya faɗi bak, ta gama sakandare, a canza masa makaranta. Ya faɗi konkur sau uku, yana kwance a ɗakin kawunsa a Yawunde, ana ba shi kuɗin taksi. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Shi kuwa namu, faɗuwa ɗaya ce, a ce to ka gani ko, tashi ka bi mota.

Mai cewa lalaci kuma, don Allah ka zo kasuwar nan da asuba ka ga masu dako. Ka je karal, gonakin laka, lokacin dashen masakwa, dawar rani, ka ga mutum yana huda ƙasa rami bayan rami, yana zuba ruwa da hannu cikin wannan ranar. Wannan ne malalaci? Akwai ƙidayar da hukumar lissafi ta ƙasa ta yi a 2014, na riƙe ta a kaina tun ranar da na ji: talauci a ƙasa baki ɗaya kashi 37 da rabi cikin 100, a Jihar Arewa Mai Nisa kashi 74, a nan Jihar Arewa kusan 68, Duwala da Yawunde kuwa ko kashi 6 ba su kai ba. Wato kana so ka ce mini da zarar jirgin ƙasa ya tsaya a Ngaundere, ƙofar arewa, sai lalaci ya fara? Haba.

Ni fa abin nan a jikina na ji shi. Wasu sun gaji da labarin, to ku ƙara haƙuri. A gida aka haife ni, a ƙauye wajen Gidar, ungozoma ce ta yanke cibiya, ba wanda ya san da wata takardar haihuwa. Na shiga lekol, ni ne na ɗaya tun daga ajin farko har na ƙarshe. Lissafi kam malam kan ba ni alli ya fita shan iska. Da aka zo rubuta sunayen masu jarrabawa sai aka ce kowa ya kawo akt, wato takardar haihuwa. Babana, Allah ya jiƙansa, ya ce mene ne kuma akt, ga yaron nan a tsaye, ba ku ga an haife shi ba? Aka ce sai an je kotu an yi jijman, wato hukuncin da zai tabbatar da haihuwar, a kawo shaidu. Ya sayar da tunkiya. Muka yi ta zarya, yau a ce mai sa hannu ya tafi, gobe a ce a kawo tambur, wato kan sarki, jibi a ce shaidan nan bai zo da katinsa ba. Takarda ba ta fito ba sai da aka gama jarrabawa da sati uku. Sati uku! Kuma da ta fito, sun rubuta sunan mahaifiyata ba daidai ba, sun ƙara mini shekara biyu, irin rubutun nan nasu na "an haife shi wajajen shekara kaza". Wajajen! Kamar ɗan akuya. Har yau tana nan cikin akwatin ƙarfe, duk wanda ya zo gida zan nuna masa. Yaron da yake leƙen allona yana kwafa, ba zan faɗi suna ba, wasunku sun san shi, yau in na je wurinsa sai na jira a benci. Ban ce bai yi ƙoƙari ba. Ubansa ma'aikaci ne, an yi masa takarda tun yana cikin zanen goyo, shi ke nan abin da ya fi ni. Babana kuwa ya ce tunkiya ɗaya ta isa, ya haɗa ni da mai albasa.

To abin da ke ƙona mini rai, wannan magana ta shekaru aru-aru har yau ba ta mutu ba. Har gobe akwai yara a Mokolo da Mora da Yagwa da suke kaiwa ajin ƙarshe sannan a gane ba su da akt. Alhali in ka kai sanarwa cikin kwana 90 da haihuwa ba ruwanka da kotu. Mu ma da laifinmu. Ragon suna ba ya wuce kwana bakwai, amma takarda sai ta shekara goma sha biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina nake ma? Yauwa, kuɗi. Masu cewa su a zamaninsu da ƙafa suka je makaranta suka zama manya, ku riƙa faɗin gaskiya duka. A zamaninku jami'a ɗaya ce, ta Yawunde, kuma gwamnati ce take biyan ɗalibi. A 1994 aka soke... a'a, na haɗa abu biyu. A 1993 ne aka cire kuɗin ɗalibai aka sa jaka 50 na rajista, a shekarar kuma aka zaftare albashin ma'aikata. Karya darajar sefa ita ce a Janairun 1994. To tun daga nan ma'aikacin da ke riƙe da yaran dangi biyar a gidansa ya fara mayar da su ƙauye. An ce firamare kyauta ce tun 2000, amma ku tambayi Hajiya nawa take biya na ƙungiyar iyaye, don da shi ake biyan malaman da iyaye suka ɗauka da kansu. Ban ce ba a yi komai ba fa. Ngaundere ta samu jami'a a 1993, Marwa a 2008, mu nan Garwa a 2022. Kuma akwai kason da ake ware wa kowace jiha a konkur na shiga aikin gwamnati. Amma kason nan wa yake ci? Ɗan arewa ne a takarda, i, sai dai a Yawunde ya tashi, bai taɓa zama a aji mai yara sama da ɗari ba. Da sunanmu ake karɓa, gidaje ƙalilan ke ci.

Ga hanya kuma. Albasar nan da ake saukewa, in mota ta kwana biyu tsakanin nan da Ngaundere, rabin ribar ta ruɓe kafin a ga Duwala. Ta Mora zuwa Kusiri kuwa, tun da aka sace ma'aikatan Sin a Waza a 2014... kai, bar wannan, in na shiga ba zan fita ba.

Ɗana, ga amsarka. Babur ba abin kunya ba ne, na san waɗanda suka gina gida da shi. Amma kada ka yi lissafi da kilandon da. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, zuwa-zuwa, man fetur ɗin da ake shigo da shi ta bayan fage, ya daina araha, ga babura sun fi fasinja yawa, wasunsu kuma masu digiri ne a kai. In yaron ya hau yau, ni na sani ba zai sake buɗe littafi ba, don kuɗin yamma yana da daɗi. Konkur kuma yana da iyakar shekaru, babur ba shi da ita. Ko yana da arba'in zai iya hawa. Saboda haka ni dai a ba shi karo na uku. Amma ba irin na bara ba, da ya tafi Yawunde ana gobe jarrabawa, ya kwana a tasha, ya shiga aji da ciwon kai. A tura shi da wuri, ya sauka wurin mutanenmu a unguwar Birketiri, ya zauna da waɗanda suka taɓa ci su nuna masa yadda ake amsawa. Kuma kada wanda ya zo maka da zancen wai a ba wani kuɗi a sa sunansa. Na ga wanda ya sayar da gona a kan haka, ba suna, ba gona.

Kuɗin jirgin ƙasa ni zan biya, daga Ngaundere zuwa can. Alhaji, tunda kai ka kawo Ahijo, na mota daga nan zuwa Ngaundere naka ne, kada ka yi kamar ba ka ji ba, na ga alamar ka saurara. Kai kuma ɗana, in an sauko daga Juma'a ka biyo ta rumfa da takardun yaron gaba ɗaya, har da akt ɗin, in duba sunan uwarsa da idona. Kai, yaro! Ba nan za ka ajiye buhun ba, can ciki... to, sai anjima.